Fitilar inji ta ƙi mutuwa: lamba P0171 a jikin Corolla

Alhaji Mamman, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta dame ni tun shigowar hunturun nan. Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai inji 1.8. Na kwana a Ngaundere wajen ɗaurin aure, da asuba na tada ta cikin sanyin nan nasu, na ji tana ɗan rawa a tsaye, kuma kafin in gama gangaren Falez fitilar inji ta kama. Da na iso gida na kai ta wani gareji, aka jona mata na'urar bincike, wadda yaran garejin suke kira balis, aka ce lambar da ta fito ita ce P0171, wai sansar da ke jikin bututun hayaƙi ce ta mutu. Na sayi sabuwa sefa dubu 25, aka ɗaura, aka goge lambar, na biya ladan aiki na tafi. Kwana uku ke nan daidai fitilar ta dawo, kuma da na koma sai aka ce mini yanzu famfon mai ne. Ban so in sake zuba kuɗi a kan zato, shi ya sa na kawo maganar nan.

Sale, Kusuri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko ina so in san irin man da kake sha. Idan zuwa-zuwa ne, wato man jarka na bakin titi, to ba sai an yi dogon bincike ba, domin tun da man Najeriya ya yi tsada a 2023 wasu masu jarka suka koma haɗe-haɗe. Ka cika tanki a gidan mai sau biyu a jere ka gani. Ni tawa fitilar ta shekara biyu a kunne kuma kullum ina ƙetare gada zuwa Njamena ba ta taɓa tsayar da ni ba. Motocin nan an yi su ne don ƙasashen Turawa, kowane ɗan abu sai su yi ƙorafi.

Alhaji Mamman, Garwa:
Ba zan ɓoye ba, ina shan zuwa-zuwa idan na matsu, amma tafiyar Ngaunderen nan da man gidan mai na yi ta, kuma har yau shi nake sha.

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka yi daidai da ka dakata. Abin da aka yi maka shi ne kuskuren da ya fi yawa a sana'armu tun da na'urorin nan suka yi araha. Lambar matsala ba sunan kayan da za a saya ba ce, rahoto ce ta abin da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta gani bai yi mata daidai ba. Ma'anar P0171 ita ce iska ta yi yawa a kan mai a cikin inji. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai idan aka auna da nauyi. Sansar da ke jikin bututun hayaƙi tana shinshinar hayaƙin, idan ta ji iskar da ba ta ƙone ba ta yi yawa sai ta sanar, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara buɗe nozil, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, don ta cike giɓin. Idan ta yi ta ƙari har ta kusa iyakar abin da aka yarje mata amma haɗin bai daidaita ba, a nan ne take rubuta P0171 ta kunna fitila. To ka ga sansar ita ce ɗan aike. Ɗan aike ya kawo labarin gobara, aka kore shi aka ɗauko wani, sabon ma labarin da zai kawo ke nan.

Dawowar fitilar bayan kwana uku ma ba abin mamaki ba ne. Wannan lambar tana cikin waɗanda sai ƙwaƙwalwa ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila, kuma gogewar da aka yi ta share abin da ta koya game da ƙarin mai, dole ta sake koyo daga farko. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gogewar ta tafi da wani abu mai daraja. Duk lokacin da lamba ta shiga, ƙwaƙwalwa tana ajiye hoton halin da inji yake ciki a wannan daƙiƙar: zafin ruwa, juyin inji, gudun mota da yawan man da take ƙarawa. Wanda ya goge kafin ya rubuta waɗannan ya ƙone shaidar da hannunsa. Tunda fitilar ta dawo, akwai sabon hoto a ciki, don haka kada ka bari kowa ya sake gogewa kafin a karanta shi.

Tambaya ɗaya kuma: tsohuwar sansar tana hannunka?

Alhaji Mamman, Garwa:
Tana cikin but, na karɓe ta ne don kawai ban saba barin tsohon kaya a gareji ba.

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Madalla, ka riƙe ta da kyau. Corolla 'yar Amurka ta wannan shekarar, sansarta ta gaba ba irin ta da ba ce wadda wutarta ke lilo tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt. Irin mai auna haɗin iska da mai ce kai tsaye, kuma a ido suna kama da juna ƙwarai, har ana sayar wa mutane wannan a madadin waccan. Ina kyautata zaton ta asalin da aka cire ta fi wadda aka ɗaura maka lafiya.

Baba Ɗanjuma, Marwa:
Ɗana Nasiru ya yi bayani mai kyau, amma bari tsoho ya sa baki. Na fara kanikanci tun lokacin da Fijo 504 ce sarauniyar hanyar Marwa zuwa Garwa, babu balis babu ƙwaƙwalwa, kuma muna gane injin da ke shan iskar sata da kunne kawai. Alhaji ya riga ya faɗi ciwon motarsa a cikin maganarsa ta farko, wanda ya duba ta ne bai saurara ba. Ya ce da asuba cikin sanyi take rawa a tsaye. Famfon mai da ya gaji ba a tsaye yake nuna kansa ba, domin a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, ɗan mai kaɗan yake bukata. Famfo yana tona kansa ne a hawa, ko idan an taka totur za a wuce babbar mota. Alhaji, lokacin da kake hawan Falez za ka Ngaundere, motar ta yi maka sanyin jiki ko ta riƙa shiɗewa?

Alhaji Mamman, Garwa:
Ko kaɗan Baba, ta hau lafiya lau da mutum biyar a ciki da kaya.

Baba Ɗanjuma, Marwa:
To a bar famfo ya huta. Abin da nake ƙi da yaran yanzu shi ne idonsu yana kan allo, ba sa buɗe bonet. Mota ta shigo, a jona, a karanta, a aika yaro kasuwa. Mu ma a zamanin Toyota Carina E muna karanta lamba, kada ku ɗauka abin sabo ne. Akwai ɗan akwati a cikin bonet, mu sa guntuwar waya tsakanin ƙofofinsa biyu da aka rubuta wa TE1 da E1, mu kunna makulli, fitilar inji ta riƙa ƙiftawa muna ƙirgawa. Ƙiftawa biyu, ɗan shiru, sannan biyar, ashirin da biyar ke nan, kuma ma'anarta ita ce wannan dai ta Alhaji, wato iska ta rinjayi mai. Amma ko a lokacin ba wanda yake cire sansa don ya ga 25, tiyo muke bi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Baba, ban musa maka ba a kan famfo, kuma zatona ya zo ɗaya da naka. Inda zan ɗan saɓa, cikin ladabi, shi ne laifin ba na allo ba ne. Matsalar ita ce mafi yawan masu riƙe da na'urar shafi ɗaya suka sani a cikinta, na karanta lamba da gogewa, alhali amfaninta na gaske yana shafin da ke nuna bayanai yayin da inji yake aiki. Kunnenka ya yi shekara arba'in yana koyo, yaron da ya fara bara ba shi da wannan kunnen, amma idan aka koya masa duba lambobi biyu kawai zai kai inda ka kai. Kuma akwai ɓarakar da kunne ba ya ji, musamman a injin da fankarsa take ta ihu saboda an haɗa ta kai tsaye kamar yadda ake yi a garuruwanmu.

Alhaji, ga abin da za ka sa a yi a gabanka. A bar inji ya yi zafi sosai, a kashe na'urar sanyaya ɗaki da fitilu, a buɗe shafin bayanai a nemo STFT da LTFT. Na farko shi ne ƙarin man da ƙwaƙwalwa take yi nan take, na biyu shi ne wanda ta koya ta riƙe. A lafiyayyen inji idan aka haɗa su ba sa nisa da sifili, a ce tsakanin ragin kashi 10 da ƙarin kashi 10 cikin ɗari. A rubuta su a silo, sannan a taka totur a riƙe juyin inji a 2500 na kamar minti ɗaya a sake rubutawa. Idan ƙarin yana da yawa a silo amma ya faɗi da aka taka, iskar sata ce, saboda ɓaraka ƙarama tana da tasiri lokacin da inji yake shan iska kaɗan, idan totur ya buɗe sai ta ɓace a cikin yawa. Idan kuwa a silo lafiya ne amma da aka taka ya hau, a nan ne za a tuhumi famfo, ko matacin mai, ko sansar da ke auna iska a bayan iyakilina (matacin iska), wadda mutanenmu na nan suke kira debimetir. A rubuto mana ita ma abin da take nunawa a silo.

Abakar, Njamena:
Gafara dai malamai, tunda ana maganar lambobi bari in shigo da tawa, ko da yake gas, wato dizal, take sha. Ina tuƙa Hilux mai injin 2KD ta wani ɗan kasuwa, muna zuwa Abeshe da kaya. Na sayi ɗan ƙaramin abin nan da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari yana magana da waya, ya yi aiki a motar maƙwabcina amma a tawa ya ce ba ya iya haɗuwa. Ga shi kuma idan na taka a kan hanya fitila tana kamawa, motar ta ƙi wuce wani gudu, sai na kashe na sake tadawa ta dawo daidai. Ramin jonawar iri ɗaya ne, me ya hana?

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Malam Abakar, ramin ɗaya ne amma harshen ba ɗaya ba ne. Ramin nan mai ƙofa 16 dokar Amurka ce ta wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a can tun 1996. Turai ta biyo baya, motocin fetur a 2001, na gas a 2004. Motar da aka ƙera don waɗannan kasuwannin dole ta amsa wa kowace na'ura a kan abin da ya shafi inji da hayaƙi. Amma Hilux da yawa da ke yawo a Chadi an ƙera su ne don kasuwar Afirka ko ta ƙasashen Larabawa, inda wannan dokar ba ta hau kansu ba, saboda haka wasunsu harshen Toyota kaɗai suke ji, sai babbar na'ura ko manhajar kamfanin. Kafin ka yanke hukunci dai ka sa a auna ƙofa ta 16, dole a sami wutar batir a wurin ko da makulli a kashe, domin idan fis ɗinta ya ƙone babu na'urar da za ta tashi. Ka sani kuma ƙananan nan na waya, ko a motar da suka yi aiki, galibi inji kaɗai suke gani. Lambobin birki masu farawa da C, da na jiki irin su jakar iska masu farawa da B, ba sa kai wa gare su.

Abin da motarka take yi kuwa, ƙwaƙwalwa ce take rage ƙarfi da gangan don ta kare inji. Ba zan ambaci lamba ba tunda ba mu gani ba, amma a irin wannan injin idan abin yana zuwa ne lokacin da aka taka, wurin farko da ake dubawa shi ne ko man yana isa bututun matsi yadda ake bukata. Yaushe rabonka da canza matacin gas, kuma kana zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasansa?

Abakar, Njamena:
Gaskiya tun damina ba a taɓa shi ba, kuma a hanya daga durom muke sha. Zan fara da shi. Maigidana kullum cewa yake da ya sani da tsohuwar Land Cruiser mai 1HZ ya saya, wadda injinta ba shi da ƙwaƙwalwa balle ya yi ƙorafi.

Baba Ɗanjuma, Marwa:
Maigidanka ya san mota. Amma ka gaya masa ita ma 1HZ idan aka shayar da ita ruwa famfonta yana lalacewa, bambancin kawai ita ba ta faɗa sai ta kwanta.

Hajiya Rabi, Garwa:
Ina bin muhawarar nan da kyau domin ni ma an taɓa yi mini irin ta Alhaji. Amma maganar Malam Sale ta tsaya mini a rai, da ya ce tasa ta shekara biyu a kunne. Direbana ma haka yake cewa, har ya taɓa ba ni shawarar a liƙe wurin da baƙin salatif. Ina so a fayyace mana, mu da ba makanikai ba, yaushe ne mutum zai iya ci gaba da tafiya, yaushe ne kuma dole ya tsaya?

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Hajiya, ranki ya daɗe, idan fitilar ta kama ta tsaya cak, kuma mota ba ta canza tafiya ba, zafi bai hau ba, fitilar baƙin mai ba ta kama ba, za a iya ƙarasawa gida a nemi lokaci a duba. Idan kuwa tana ƙiftawa, wannan gargaɗi ne cewa wata silinda ba ta ƙona manta, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin bututun hayaƙi yana ƙonewa a can, kuma zai iya narkar da katalizar, wato gwangwanin da ke tace gubar hayaƙi. A nan sai a sassauta ƙafa a nemi wurin tsayawa. Lambobin wannan su ne P0300 idan abin yana yawo, ko P0301 zuwa P0304 a inji mai silinda huɗu, lambar ƙarshe tana nuna silindar. Ko a nan ma ba a sayen komai da farko. Idan P0302 ce, a ɗauke koyil (mai ba silinda tartsatsin wuta) na biyu a musanya shi da na uku, idan lambar ta koma P0303 koyil ne, idan ta tsaya inda take a duba buji, wato fulogi a bakin mutanen Najeriya, sannan nozil, sannan matsin silindar.

Illar barin fitila a kunne kuwa, ko da dalilin farko ƙarami ne, ita ce fitilar guda ɗaya ce tak. Ranar da babbar matsala ta zo ba ta da wata hanyar sanar da ke, tunda bakin da za ta yi magana da shi ya riga ya saba da ihu kowa ya daina ji.

Sale, Kusuri:
Na ji, amma ku ma ku yarda cewa akwai lambobin da a ƙasarmu ba su da magani. Ƙurar da ke tsakanin Kusuri da Waza kaɗai ta isa ta haukata kowace sansa. Talaka ba zai riƙa kai mota gareji duk mako ba.

Baba Ɗanjuma, Marwa:
Sale, ƙura ba ta shiga inji sai an ba ta hanya. Ku ne kuke busa iyakilina da iskar mai faci har takardar ta yage, a mayar da ita a ce an wanke. Ƙurar da ta wuce ta nan ita take kwanciya a kan siraran wayoyin debimetir, ta riƙa auna iska ƙasa da abin da ke shiga, ƙwaƙwalwa ta rage mai, ga P0171 ta fito. Kuma idan za a wanke ta ba da fetur ba, ba da tsinke da auduga ba, da maganin fesawa na kayan lantarki, a bar ta ta bushe da kanta.

Alhaji Mamman, Garwa:
Jama'a na dawo da sakamako. Na sami wani yaro a Yelwa mai babbar na'ura, na ce masa kada ya goge komai, kuma na zauna a gefensa da takarda. Hoton da ƙwaƙwalwa ta ajiye ya nuna motar a tsaye take lokacin da lambar ta shiga, gudu sifili. Da inji ya yi zafi, a silo LTFT yana kan ƙarin 27, STFT yana yawo tsakanin 4 da 9. Da aka riƙe a 2500, LTFT ya sauko 6, ɗayan kuma yana kusa da sifili. Debimetir tana nuna giram 1.6 a daƙiƙa a silo. Yaron da kansa ya ce bai taɓa kula da wannan shafin ba.

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Alhamdu lillahi, magana ta fito fili. Sama da 30 a silo idan aka haɗa, 6 a sama, wannan iskar sata ce, kuma famfon da aka so ka saya ba shi da laifi. Abin da debimetir ta nuna ma ya ɗan yi ƙasa ga inji 1.8, wanda ya kamata ya kai wajen giram biyu ko ya ɗan haura, kuma dalilin shi ne wani kason iskar yana shiga ta bayan gida ba ta ƙofar da ake ƙirgawa ba. Saura a nemo ɓarakar. A fara da babban tiyon da ya taso daga iyakilina zuwa totur, a lanƙwasa shi a duba cikin ninkin, sannan ƙananan tiyo na saman inji da wanda ya tafi tukunyar birki. Idan duk lafiya suke, to wannan injin, 1ZZ, an san shi da ciwo ɗaya: gaskit ɗin roba da ke tsakanin manifol na iska (bututun da ke raba iska ga silindoji) da kan inji yana taurarewa da tsufa, idan aka yi sanyi ya ƙanƙance ya buɗe hanya, idan inji ya yi zafi ya ɗan kumbura ya rage. Wannan ya dace da asubar Ngaundere da ka ambata.

Baba Ɗanjuma, Marwa:
Abin da na faɗa tun shekaranjiya ba tare da giram ko ɗaya ba. Alhaji, gobe da sassafe kafin rana ta fito, a tada ta da sanyinta a fesa ɗan maganin wankin kafireto a bakin manifol, idan muryar inji ta canza an kama ɓarawo.

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Na yarda Baba ya riga ni, amma a fesawar ina roƙon a yi hattara, domin maganin yana kamawa da wuta kuma koyil suna kusa. Wanda yake da injin hayaƙi ya hura hayaƙi cikin manifol da inji a kashe, duk inda ya ɓullo nan ne. Idan babu, a fesa kaɗan-kaɗan da inji mai sanyi, abin kashe wuta a kusa, ido kuma a kan STFT, domin zai faɗi ƙasa nan take idan maganin ya shiga, ko da kunne bai ji komai ba. Injin nan totur ɗinsa na lantarki ne, ƙwaƙwalwa tana saurin daidaita silo, shi ya sa muryar ba lallai ta canza sosai ba kamar a motocin da.

Alhaji Mamman, Garwa:
An yi yadda kuka ce. Tiyo duk lafiya. Da aka fesa a ƙasan manifol wajen silinda ta ɗaya, lambar da ke kan allo ta faɗo ƙasa da sifili a take, ni kaina na gani, kuma Baba, don a yi maka adalci, muryar ma ta ɗan canza. An kwance, gaskit ɗin ya bushe ya zama kamar busasshiyar fata, ya karye a hannun yaron. Sabo sefa dubu 8 na saya. Na sa an mayar da tsohuwar sansata, an wanke debimetir, an sa sabuwar iyakilina domin tsohuwar a yage take kamar yadda Baba ya zata. Yau kwana shida, LTFT yana kan 3 a silo, rawar asuba ta tafi. Sai dai da muka sake jonawa jiya yaron ya ce akwai wata lamba da ke jira ba ta kunna fitila ba tukuna, P0420.

Hajiya Rabi, Garwa:
Ikon Allah, an kashe wata wata ta taso. Ko gyaran ne ya jawo ta?

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
Ba gyaran ba ne Hajiya, da alama tana nan tun da, ɓoye take. Ƙwaƙwalwa ba ta yin gwajin katalizar muddin akwai lambar da ta shafi haɗin mai, sai an warware waccan sannan ta samu damar yi. P0420 tana cewa katalizar ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Akwai sansa ta biyu a bayansa, wadda idan yana aiki wutarta takan zauna kusan wuri ɗaya, idan kuwa ya mutu ko babu shi sai ta riƙa hawa da sauka. Kafin a yanke masa hukunci a duba ko bututun hayaƙi yana yoyo kusa da sansar, domin wannan ma yana kawo lambar. Amma Alhaji, akwai tambayar da ba dadi: motar ta taɓa kwana a wajen mai walda ko mai gyaran salansa? Cikin katalizar akwai wani abu kamar saƙar zuma da aka shafa wa ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu sayensa. Sau da yawa ana fasa gwangwanin a kwashe cikin a mayar da walda, mai mota bai sani ba.

Sale, Kusuri:
To ga irin lambar da nake faɗa. Sabon katalizar na asali kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, kuma mota tana tafiya lafiya ba tare da shi ba. A nan akwai masu sa wani ɗan ƙarfe su janye sansar baya daga hayaƙi, fitila ta mutu, kowa ya huta. Malam Nasiru, a nan kam me za ka ce?

Malam Nasiru mai wayarin, Ngaundere:
A nan kana da hujja, Malam Sale, ba zan ce motar za ta tsaya ba. Amma ƙarfen nan yaudarar ƙwaƙwalwa ne kawai, hayaƙin yana nan da gubarsa, mu da 'ya'yanmu muke shaƙa a bakin kasuwa, kuma wanda zai sayi motar nan gaba an rufe masa ido. Ni ba na sa shi. Abin da nake gaya wa mai mota shi ne ya san gaskiyar abin da ke ƙarƙashinsa, idan zai iya ya nemi katalizar na motar da aka kwance, a duba saƙar da fitila kafin a biya, idan ba zai iya ba yanzu to ya riƙa jona na'ura lokaci-lokaci don ya tabbatar P0420 ce kaɗai a ciki ba ta samu abokiyar zama ba. Masu sayen mota kuma su riƙa duba shafin gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ta kammala. Idan fitila a kashe take amma shafin ya nuna gwajin katalizar da na sansa ba su kammala ba, to ba a daɗe da goge lambobi ko cire kan batir ba, sai a tambayi dalili.

Baba Ɗanjuma, Marwa:
Alhaji, ba sai ka jira na'ura ba a wannan. Ka sa a ɗaga motar idan ta huce, ka dubi gwangwanin da idonka. Waldar kamfani a miƙe take kamar ɗinkin keke, ta ɓarawo kuwa kamar ɗinkin buhu. Ka ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe, wanda aka kwashe cikinsa yana amsawa kamar garwar da babu ruwa.

Alhaji Mamman, Garwa:
Yanzu da kuka faɗa na tuna, bayan sallar layya ta kwana biyu a wajen wani mai walda saboda salansa tana ƙara, kuma tun daga lokacin nake jin warin hayaƙinta ya canza, na ɗauka man ne. Ba zan zargi kowa ba sai na gani. Gobe in Allah ya kai mu bayan azahar za mu hau da ita kan rami, zan ɗauko hoton gwangwanin ta kowane gefe in turo muku. Malam Abakar, kai ma muna jiran labarin matacin gas ɗinka.

Abakar, Njamena:
An canza shi jiya, ruwan da ya fito daga ƙasansa ya kusa cika kofin shayi, ga laka. Na gwada ta a hanyar Masaguet na taka sosai fitila ba ta kama ba, amma babu kaya a baya. Ranar Asabar za mu loda zuwa Abeshe, a can ne zan sani.